Ya buga da ƙarfi, to ina makin? Fashin baƙi kan alƙaluman zamani a fantasin besbol

A kakar 2023, babu mai jifan da ya kai Blake Snell na ƙungiyar San Diego Padres rabon tikitin kyauta a babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB. Sau 99 saitinsa yana kucce masa har mai bugu ya taka zuwa tashar farko ba tare da ya buga komai ba. Amma a wannan kakar dai shi ne wanda aka fi shan wahalar ci wa maki: ERA ɗinsa, wato matsakaicin makin da aka ci shi, 2.25 ne, har aka ba shi kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa. Wani ma'auni kuma da ake kira FIP ya ce a'a, aikin da Snell ya yi na mai 3.44 ne. Wanda ya riƙe Snell a ƙungiyarsa ta fantasi, wasan da mutane ke zaɓar 'yan wasa na gaskiya su yi gasa da alƙalumansu, a wannan shekara ya kwashi ribarsa, babu ruwansa da abin da FIP ya ce. Wanda kuma zai saye shi a watan Maris na 2024, shi ne aka bari da tagumi: wanne daga cikin Snell biyun zai zo masa gida?

Wannan ita ce gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin masu fantasin besbol. Kafin mu shiga cikinta, bari a share fage ga wanda bai saba da wasan ba.

Mai jifa yana jefa ƙwallo, mai bugu yana ƙoƙarin maka ta da sanda ya ruga. Tashoshi huɗu ne a fili, wanda ya zagaye su ya dawo gida ya ci maki ɗaya. Idan aka kori mutum uku sai a yi canji, wasa kuma zango tara ne. Idan mai bugu ya buga ƙwallo ya isa tasha lafiya, wannan bugun tsira ne. Idan ya tsallakar da ita bayan katanga, homron ke nan. Idan mai jifa ya kore shi da jifa uku da ya kasa yin komai da su, korar jifa ce. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka, abin da ya sa besbol ya fi kusan kowane wasa tara alƙaluma.

Shi kuma fantasi, a siffar da aka san shi yau, ya samo asali ne a 1980, lokacin da marubuci Daniel Okrent da abokansa, waɗanda kan haɗu a wani gidan abinci mai suna La Rôtisserie Française a birnin Niyok, suka yi gwanjon 'yan wasa na gaskiya, kowa da ƙayyadadden kuɗi a hannunsa. Rukuni takwas suka fara ƙirgawa, daga baya aka ƙara biyu, suka zama goman da yawancin gasanni ke amfani da su yanzu. Ga masu bugu: matsakaicin bugu (kason bugun tsira cikin damar bugun da mutum ya samu), homron, makin da mutum ya ci da ƙafarsa, makin da ya kawo wa wasu da bugunsa wanda ake kira RBI, da satar tasha, wato rugawa tasha ta gaba ba tare da jiran bugu ba. Ga masu jifa: nasara, rufe wasa (kare ƙaramar rata har wasa ya ƙare), korar jifa, ERA, da WHIP. ERA shi ne matsakaicin makin da aka ci mai jifa a zango tara, ban da waɗanda kuskuren masu tsaro ya jawo. WHIP kuwa, wanda Okrent ɗin ne ya ƙirƙiro shi, yawan mutanen da mai jifa ya bari suka hau tasha ne a kowane zango.

Ka lura da wani abu a wannan jeri. Babu ko ɗaya a cikinsa da ke tambayar yadda abu ya faru. Ƙwallon da aka yi wa kyakkyawan duka ta faɗa hannun mai tsaro, sifiri ce. Wadda ta goge bakin sanda ta lallaɓa ta faɗi inda babu kowa, bugun tsira ce cikakkiya. Da wannan ake raba kuɗi a ƙarshen Satumba. Saboda haka masu cewa "ni sakamako na sani" ba wauta suke yi ba. Abin da teburin gasa ke ƙirgawa suke faɗa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ba a sayar maka da sakamakon da ya wuce. Wanda ya je kara sayen saniya, nonon da ta bayar bara mai ita na da ne ya sha. Shi abin da yake biya wa kuɗi nonon bana ne, don haka haƙoranta da lafiyarta zai duba, ba labarin ƙwarya nawa ta cika ba. Alƙaluman zamani duka ƙoƙari ne na duba haƙoran ɗan wasa.

Babban juyin ya zo ne daga wani mutum mai suna Voros McCracken, wanda ya fara yaɗa bincikensa a intanet a 1999, sannan aka buga shi a shafin nazarin besbol na Baseball Prospectus a 2001. Abin da ya faɗa ya yi wa mutane da yawa nauyi a kunne: da zarar mai bugu ya taɓa ƙwallo ta faɗa cikin fili, mai jifa ba shi da iko sosai a kan ko za ta zama bugun tsira ko za a cafke ta. Wannan na hannun masu tsaro ne, da yanayin fili, da sa'a. Ma'aunin da ke nuna haka shi ne BABIP, wato cikin ƙwallayen da suka faɗa fili, ban da homron, nawa ne suka tsira. Matsakaicin gasar baki ɗaya yakan tsaya kusa da .300, uku cikin goma ke nan, kuma yawancin masu jifa, gwanaye da 'yan tsaka-tsaki, a wannan wuri suke ta kai-komo idan shekaru suka taru.

Duba Pedro Martínez na Boston Red Sox a ganiyarsa. A 1999 ya kori mutum 313 da jifa, amma an yi masa bugun tsira 160. A 2000, cikin kusan adadin zango iri ɗaya, korar jifarsa ta sauka zuwa 284, bugun tsira kuma ya faɗo zuwa 128. ERA ya tashi daga 2.07 ya koma 1.74. Mutum ɗaya ne, hannu ɗaya ne. Ba wata sabuwar dabara ya koya cikin hunturu ba wadda ta hana bugu talatin da wani abu faɗawa ƙasa. A shekarar farko ƙwallaye sun yi ta samun kafa, a ta biyu sun yi ta samun hannu.

Lissafin yana da sauƙi idan aka zauna aka yi shi. A ɗauka an buga wa mai jifa ƙwallo 500 cikin fili a kaka guda. In BABIP ɗinsa .300 ne, 150 sun tsira. In .260 ne, 130. Bambancin bugu 20 ne kacal, a cikin wasa kamar 30 da ya fara, wato bai kai bugu ɗaya a wasa ba. Ido ba ya ganin wannan. Amma idan biyar ko shida daga cikin ashirin ɗin sun zo lokacin da mutane ke tsaye a tashoshi, sun isa su mai da mai jifa na kirki tauraro, ko su mai da tauraro abin zagi.

Daga nan Tom Tango ya fitar da FIP. Ya watsar da duk abin da ya faɗa fili, ya riƙe abin da ke tsakanin mai jifa da mai bugu kawai. A ninka homron sau 13, a ƙara tikitin kyauta da dukan mai bugu da ƙwallo ninki 3, a cire korar jifa ninki 2, a raba da adadin zango, sannan a ɗora wata lamba da ta ɗan haura 3 don sakamakon ya yi kama da ERA. Shi ke nan. Abin mamakin shi ne wannan ɗan lissafi, wanda ɗan sakandare zai yi a bayan takarda, ya fi ERA ɗin bana iya hango ERA ɗin baɗi. Dave Studeman ya ƙara taku ɗaya da xFIP, inda ya ce ko homron ɗin ma akwai sa'a a ciki, don haka a ƙirga ƙwallayen da aka ɗaga sama a ba kowa matsakaicin gasa.

A kan masu jifa, ni ina tare da wannan tsari ba tare da kwana-kwana ba. Mai jifan da ke da ERA 2.50 a ƙarshen Mayu alhali ba ya korar kowa da jifa, ga tikiti yana rabawa, ka sayar da shi tun yana da farashi. Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Sai dai akwai mutanen da suka shafe shekaru suna ƙin faɗowa, kuma su ne suka koya wa masu lissafi tauna magana kafin furta ta. Matt Cain na San Francisco Giants ya yi shekara da shekaru ERA ɗinsa na ƙasa da abin da xFIP ya ce ya cancanta. Duk shekara a ce bana asirinsa zai tonu, duk shekara ya sake sa masu bugu ɗaga ƙwallaye marasa ƙarfi da ke mutuwa a babban filin ƙungiyarsa. Ricky Nolasco kuma kishiyarsa ne. A 2009 FIP ɗinsa 3.35, ERA kuwa 5.06. Masu alƙaluma suka yi ta rububinsa shekara bayan shekara suna jiran ranar da sakamakonsa zai kamo ƙwarewarsa, har ya yi ritaya ERA ɗin rayuwarsa na sama da FIP ɗinsa da tazara mai kauri. Tazarar kaka ɗaya, ka ce sa'a ce, galibi za ka yi daidai. Tazarar kaka biyar kuwa, ruwa ba ya tsami banza.

Shi kuwa Snell, ga yadda ta kaya. Ya koma Giants a 2024, ya fara kakar da mummunan jifa da rauni, sannan ya dawo ya zama dodo, har ya yi wasa cikakke ba a yi masa bugun tsira ko ɗaya ba a watan Agusta, a karawa da Cincinnati Reds. ERA ɗinsa ya tsaya a 3.12, cikin zango 104 kawai. Masu FIP sun yi gaskiya da suka ce 2.25 ba zai maimaitu ba. Amma abin da ya fi cutar da wanda ya saye shi ba ERA ba ne, ƙarancin zango ne, kuma wannan babu ma'aunin ƙwarewa da ya nuna shi.

A ɓangaren masu bugu, abin ya canza salo a 2015, lokacin da MLB ta girka tsarin Statcast a filaye 30 na gasar. Na'urori suna auna saurin da ƙwallo ta bar sanda da kusurwar da ta tashi. Duk wadda ta kai mil 95 a sa'a, kusan kilomita 153, ana lissafa ta cikin bugu mai ƙarfi. Wadda ta kai mil 98 kuma ta tashi tsakanin digiri 26 zuwa 30 ta shiga ajin da ake kira barel, irin bugun da akasari homron ne ko bugun tasha biyu. Daga nan sai a ɗauki kowace ƙwallo a tambaya: irin wannan, da wannan sauri da wannan kusurwa, sau nawa take tsira a tarihi? A tara amsoshin a samu xBA da xwOBA, wato abin da ya kamata a ce mai bugu ya samu. Wanda ke buga fantasin Firimiya ya san ƙanin wannan, xG, wanda ke cewa ɗan wasan gaba ya kamata ya ci ƙwallo goma alhali huɗu ya ci. Tunanin ɗaya ne.

Wani lokaci abin yana aiki kamar duba. Marcell Ozuna ya gama 2019 a St. Louis Cardinals da matsakaicin bugu .241, amma na'urori sun nuna yana cikin masu dukan ƙwallo da ƙarfi a gasar, kawai tana ta faɗawa hannun mutane ne. A gajeruwar kakar 2020 mai wasa 60, a Atlanta Braves, ya buga .338, ya kuma jagoranci National League, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na MLB, da homron 18 da RBI 56. Duk wanda ya saye shi da arha saboda xwOBA ya yi ta ba da labarin har aka gaji da shi.

To amma ga Isaac Paredes, wanda a ganina ya fi kowa tona inda wannan ma'auni ke da makanta. Idan ka buɗe shafinsa a Baseball Savant, inda ake nuna ƙwarewa da launi, ja ga gwani, shuɗi ga rago, wajen ƙarfin bugu shuɗi za ka tarar. Amma a 2023, a Tampa Bay Rays, ya buga homron 31 da RBI 98. Ta yaya? Saboda xwOBA yana auna sauri da kusurwa, ba ya tambayar wane ɓangaren fili ƙwallo ta nufa. Katangar tsakiyar fili takan kai ƙafa 400 daga inda ake bugu. Ta lungun hagu a filin Tropicana, gidan Rays, ƙafa 315 ce. Paredes na-dama ne, yana tsayawa dab da faranti, wato tashar gida inda ake bugu, yana riga ƙwallo, yana fizgo ta sama zuwa wannan lungu. Bugun da in tsakiya ya nufa mai tsaro zai cafke shi yana hamma, a lungu homron ne. Na'ura tana ganin bugu mai laushi ta rubuta "sa'a". Ba sa'a ba ce, sana'arsa ke nan, da gangan yake yi.

Abin da ya biyo baya ya fi daɗin nazari. A Yulin 2024 aka yi musayarsa zuwa Chicago Cubs, bayan ya buga homron 16 a Rays a wannan kakar. Lungun hagu a filin Wrigley ƙafa 355 ne, ƙarin ƙafa 40. A wasa 52 da ya buga wa Cubs, homron 3 ya samu. A Disamba Cubs suka tura shi Houston Astros cikin cinikin da ya kawo musu Kyle Tucker, inda katangar hagu ta sake zama ƙafa 315, sai ga shi ya buga 20 a 2025 duk da raunin da ya zaunar da shi makonni. Wanda ya dogara da xwOBA kaɗai ya guje shi a 2023 ya yi asara. Wanda ya dogara da homron 31 kaɗai ya riƙe shi gam bayan ya koma Wrigley, shi ma ya yi asara. Wanda ya ci riba sau biyu shi ne wanda ya san tsawon katanga.

Wannan katangar ta Houston tana da tsohon tarihi da masu fantasi. A ƙarshen shekarun 1990 Ron Shandler, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara shigo da irin wannan nazari cikin fantasi, ya fito da wata dabara: kada ka kashe fiye da dala 60 cikin 260 da ake ba kowa a gwanjo a kan masu jifa, ka nemi marasa suna masu yawan korar jifa, masu ƙarancin tikiti. Ya sa wa dabarar suna LIMA, don tunawa da José Lima na Astros, wanda ya dace da siffar. Lima ya ci nasara 16 a 1998, ya ci 21 a 1999. A 2000 ƙungiyar ta bar katafaren filin Astrodome ta koma sabon gida mai gajeruwar katangar hagu. Aka buga wa Lima homron 48, ERA ɗinsa ya kai 6.65. Dabarar ta rayu, mai sunan ne fili ya cinye.

Luis Arraez wani nau'in ne kuma. Ba ya cikin masu dukan ƙwallo da ƙarfi ko kusa, amma ya lashe kambun matsakaicin bugu shekara uku a jere a ƙungiyoyi uku: .316 a Minnesota Twins a 2022, .354 a Miami Marlins a 2023, sai .314 a 2024 da ya ƙare a Padres. Da wuya a kore shi da jifa, kuma ya iya ajiye ƙwallo a sararin da ke bayan masu tsaron ciki, gaban masu tsaron waje. Wanda ke neman ja a layin ƙarfin bugu zai wuce shi bai waiwaya ba.

Duk wannan a kan rukunan da ƙwarewa ke da ta cewa ne. Kusan rabin rukunan fantasi kuwa ba ƙwarewa suke aunawa ba, dama suke aunawa, kuma nan ne masu alƙaluman zamani suka fi yin tuntuɓe, don sun ɗauka gwani shi ne mai amfani.

Ɗauki nasara. Jacob deGrom na New York Mets ya gama 2018 da ERA 1.70, ɗaya daga cikin kakanni mafi kyau a wannan zamani, amma nasara 10 ya samu, aka doke shi sau 9, saboda abokansa ba sa cin maki ranar da yake jifa. Rick Porcello na Red Sox ya ci nasara 22 a 2016 da ERA 3.15. A wannan rukuni, Porcello ya ninka deGrom ya ƙara. Shekara ɗaya bayan haka Porcello ya koma nasara 11, shan kaye 17. Rufe wasa ma ya fi wannan ban haushi, don kocin ƙungiya ne ke naɗa wanda zai shiga zango na tara. A 2007 Joe Borowski na Cleveland ya jagoranci American League, ɗaya ɓangaren MLB, da rufewa 45 alhali ERA ɗinsa 5.07. A bayansa akwai masu jifan da suka fi shi nesa ba kusa ba, amma su zango na bakwai da na takwas aka ba su, inda fantasi ba ya biyan ko sisi a wannan rukuni. RBI kuma ya dogara da lambar da koci ya ba ka a jerin masu bugu da kuma ko na gabanka suna hawa tasha. Joe Carter ya buga .232 a 1990 a Padres, ya kuma tara RBI 115. A waɗannan rukunan, sanin halin koci da jerin 'yan wasansa ya fi sanin xwOBA amfani, kuma ban ga abin kunya a faɗin haka ba.

Satar tasha ta ƙara wani darasi, cewa doka na iya tashi da tsakar dare ta rushe lissafi. A 2023 MLB ta ƙara girman tashoshi daga inci 15 zuwa 18, ta taƙaita sau nawa mai jifa zai juya ya jefa wa tasha don tsare mai gudu, ta kawo agogon jifa, ta kuma hana tara masu tsaro a gefe ɗaya na fili. Satar tasha a gasar ta tashi daga 2,486 a 2022 zuwa 3,503. Ronald Acuña Jr. ya saci 73 ya haɗa da homron 41. Esteury Ruiz na Oakland, wanda bugunsa bai taka kara ya karya ba, ya saci 67, shi kaɗai ya isa ya ɗaga ƙungiyar fantasi daga ƙasan wannan rukuni zuwa samansa. Kowane hasashe da aka gina a kan shekarun baya ya zo ƙasa da gaskiya, don an gina shi ne a kan wasan da aka riga aka canza.

Sai batun lokaci, wanda shi ne ya fi jawo hawan jini a watan Afrilu. Alƙaluma ba sa nuna tare. Binciken Russell Carleton ya nuna cewa yawan korar jifa da ake yi wa mai bugu yakan fara faɗin gaskiya bayan ya tsaya bugu kamar sau 60, yawan tikitin kyauta bayan kamar sau 120. BABIP ɗin mai bugu kuwa sai an tara ƙwallo kusan 800 a fili, na mai jifa kusan 2,000, wato shekaru. Cikin bugu 100 na farkon kaka, bambancin mai .300 da mai .250 ƙwallo biyar ne. Ozuna ɗin nan dai ya buga .085 a Afrilun 2023, mutane suka yi ta jefar da shi, ya gama kakar da homron 40 da RBI 100.

Amma a nan akwai wani kuskure da masu ilimin ma ke faɗawa ciki, wato ɗaukar cewa sa'a na biyan bashi. Za ka ji ana cewa wane ya yi rashin sa'a a Afrilu, don haka yana bin kakar bashi, zai fashe a Mayu. Babu wani bashi. A ce ainihin ƙarfin mutum .280 ne, ya buga .200 a bugu 100 na farko, bugun tsira 20 ke nan. A sauran 450 abin da za a sa rai shi ne .280 ɗin dai, wato 126. Jimla 146 cikin 550, ya gama da .265. Ramin Afrilu yana nan a littafin wanda ya riƙe shi a Afrilu. Wanda ya karɓe shi a Mayu .280 ya saya, ba .300 ba, kuma a kan wannan ya kamata a yi ciniki.

Irin gasar da kake bugawa ma tana canza nauyin komai. A tsarin tara alƙaluma na kaka guda, kana da wata shida da lissafi zai daidaita kansa. A tsarin karon mako-mako, inda kake fuskantar mutum ɗaya daga Litinin zuwa Lahadi, mai bugunka zai tsaya sau ashirin da wani abu ne kawai. A wannan ɗan zango xwOBA bai fi addu'a ƙarfi ba, kuma mai ƙungiya mafi kyau yana iya fita a makon farko na zagayen ƙarshe saboda ƙwallo uku da suka faɗa hannu.

Kuma kasuwar ta waye. A zamanin da Bill James, jagoran nazarin alƙaluman besbol, ke rubuta nazarinsa a 1977 yana gadin dare a wata masana'antar gwangwanin wake a jihar Kansas, sanin irin waɗannan abubuwa asiri ne. Yau shafukan alƙaluma na FanGraphs da Baseball Savant kyauta ne, kowa a gasarku yana da su a waya. Mai bugun da shafinsa ya yi ja wur, farashinsa ya riga ya haɗiye jan kafin ka iso. Ragowar arha ta koma wajen irin su Paredes da Arraez, waɗanda shuɗin shafinsu ke korar masu saye, da wajen wanda ya riga kowa jin cewa koci ya canza mai rufe wasa.

Cody Bellinger ya haɗa kusan dukkan waɗannan a jiki ɗaya. Gwarzon National League ne a 2019 da homron 47. Ya faɗi warwas zuwa .165 a 2021 da .210 a 2022, har Los Angeles Dodgers suka sallame shi. A Cubs a 2023 ya buga .307 da homron 26, RBI 97, satar tasha 20. Masu sakamako suka ce ya dawo. Masu na'ura suka nuna cewa ƙarfin bugunsa na ƙasa da matsakaici, xwOBA ɗinsa kuma ya yi ƙasa sosai da abin da ya samu. Su kansu ƙungiyoyin gaskiya sun yi ɗari-ɗari, sai ƙarshen Fabrairun 2024 ya sa hannu a kwantaragin shekara uku na dala miliyan 80 da Cubs, ƙasa da abin da aka yi ta hasashe. A 2024 ya sauka zuwa .266 da homron 18, masu na'ura suka ce mun faɗa. Amma wani abu a 2023 na gaske ne: ya rage korar jifa da ake yi masa daga sama da kashi 27 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 16, kuma wannan yana cikin alƙaluman da ke saurin faɗin gaskiya, bai kuma gudu ba. Da aka mayar da shi New York Yankees, shi bahago mai fizgo ƙwallo dama, a filin da lungun damansa ƙafa 314 ne, ya buga homron 29 da RBI 98 a 2025.